Tsagar Babana

Kun dame ni da tambaya a ƙarƙashin rubutun da na sa wancan makon, wai Sa'adiyya ina labarin Kamaluddeen, ko kun ɓata ne? Ba mu ɓata ba. Ban ma san ko muna da abin ɓatawa ba. Abin da ya faru ranar Juma'a za ni ba ku, kuma don Allah kada wata ta ce mini in yi haƙuri. Haƙurin da aka ba ni ya cika ɗaki, ba ni da wurin ajiye wani.

Ga waɗanda yau suka fara karanta ni, ni 'yar Unguwar Lalle ce, amma yanzu a Sabon Birni muke zaune, ni da Inna, a ɗaki ɗaya cikin gidan yayanta Kawu Labbo. Damina uku ke nan da mutanen daji suka tare motar da Babana, Malam Jibrilla, ya shiga zai je kasuwar Isa. An sako wasu, an kawo gawar wasu. Shi ba a sako shi ba, ba a kuma kawo shi ba. Ba mu yi zaman makoki ba, don babu wanda ya iya buɗe baki ya ce ya rasu. Tun daga nan maganar Inna ta koma "to" da "a'a". Ni kuwa wani abu ne ya ɗauke a cikina, kamar yadda wuta kan ɗauke ana tsakiyar guga. Ina cin abinci, ina wanka, ina gaishe da mutane. Ranar da wuƙa ta yanke ni ina yanka albasa, sai da Khadija 'yar Kawu ta nuna mini jinin sannan na sani.

Zane kuwa da gawayin murhu na fara shi, a bayan kwalin taliya. Wata mata cikin 'yan gudun hijirar da aka ajiye a makarantar bayan gidanmu ta gan ni, ta ce in zana mata ɗanta. Ba ta da hotonsa, sai baki. Tana faɗa ina ja, goshi kaza, hanci kaza, kunne ɗaya a ɗan lanƙwashe. Da na gama ta rungume kwalin ta yi ta kuka. Na jira ta gama, na je na wanke hannuna. Daga ita sai wasu suka riƙa zuwa. Akwai tsohuwar da ta ce hannuna yana warkar da zuciya. Na ce amin. Tawa dai tana nan inda na bar ta.

A nan Kamaluddeen ya shigo. Ɗan Isa ne, dogo, mai rubuta allunan shaguna da ɗaukar hoton biki, kullum da fenti a ƙarƙashin farcensa ko da ya sha shadda. Yana dariya tun kafin ya kai ƙarshen labarin da yake bayarwa. Shi ya tara matasa masu zane na yankinmu a wani zauren WhatsApp. Akwai mai aiki da shuni, akwai mai ɗinke tsofaffin buhuna ya fitar da taswirar ƙauyensu da aka tasa, akwai wata a Kamarawa mai zane a kan ƙwarya. Sun sami ɗaki a Sakkwato za su baje aikinsu ranar Asabar, mutanen birni su zo su ga fuskokinmu. Ya ce yana sona tun kafin azumi. Na ce na gode. Har yau da wannan na gode ɗin yake lallaɓawa.

Shi ne ya turo mini saƙo wata rana:

"Kin zana mazan mutane da ɗiyan mutane. Yaushe za ki zana naki?"

"Ba ni da gawayi."

"Gidan da aka tuƙa tuwo kullum?"

Na ajiye wayar. Washegari sai ga shi da takarda mai kauri, faɗin dardumar salla, da ƙullin gawayin ƙirya da ya samo wurin maƙera.

Hoton Baba ɗaya ne ya rage a duniya, don da kayan jikinmu muka bar gida. Wata ranar Salla ce ya karɓi wayata yana tsokanata, ya ga fuskarsa a ciki, ya danna bai sani ba. Yana dariya, hula a karkace, buhunan taki a jibge a bayansa. Tsagarsa ta Gobirawa ta fito raɗau, ta taso daga gefen baki ta baje zuwa kunne, ta kunci ɗaya ta fi ta ɗayan yawa, ga kuma bille ya ratsa daga gefen hanci. Na kafa takardar a jikin wani katako a ɗakinmu, na rufe da tsohon zane don kada Inna ta gani. Duk sanda ta fita tsakar gida sai in buɗe. Layi-layi na bi tsagar nan daga waya zuwa takarda. Sai da na ja rabin fuskar na tura wa Kamaluddeen hoton. Na jiƙa jar ƙasa na yi fatar, na ɗiga alli a ƙwayar ido. Ba za ni ce muku na ji wani abu ba. Barci dai ya ɗan fi zuwa.

Ranar Laraba Kawu ya kira ni zaure. Yana zaune a kan buzunsa, rediyo a gefe.

"Sa'adiyya, mi nika ji? Wai Sakkwato za ki, ki rataya huskokin mutane ga bango awa kilishi?"

"Kawu, ba ni kaɗai ba ta. Muna da yawa."

"Yawan banza. Yaron ga mai henti, tun yaushe shika sintiri ƙohwar gidana? Ba shi turowa, ba shi barin zuwa. Ke kuma kin bar abin da mata ka yi, kin kama zanen mai rai, abin da malamai sunka yi magana kai." Ya rage muryar rediyon. "Kuma hanya ta ci min mutum guda. Ba ni son in ba ta na biyu."

Na sunkuyar da kai ina kallon lallen da ya kusa gogewa a ƙafata. Kada ku zagi Kawu. Shi ke ciyar da mu, kuma ko sau ɗaya bai taɓa goranta mana ba.

"Amma uwarki na raye," in ji shi, "ba ni shiga gabanta. In ta buɗe baki tac ce ki tahi, ki tahi, Khadija ta raka ki. In ba ta ce ba, takardun ga su bar min gida, shi kau shi turo magabatanai ko shi mance hanya."

Kawu ya san abin da yake yi. Matar da ko gishiri ya yi kaɗan a miya ba ta cewa komai, ita ce za ta ce a je Sakkwato? Amma dabara ɗaya ta rage mini. Na ce a raina idan Inna ta ga mijinta, dole bakinta ya buɗe.

Ranar Juma'a bayan la'asar Khadija ta tsare ni a ƙofar ɗaki. Taubashiyata ce, bakinta ba ya da linzami.

"Haka za ki gaban Gwaggo, awa wadda ta kwana maƙera? Sa atamhwag ga mai ganyen kuka. Goge goshinki. Wallahi ban san mi mai henti yag gani ba, ko hentin na ya shiga mai ido."

Na sa atamfar, na ɗaura kallabi, ta fesa mini turarenta ba tare da na roƙa ba. Muka kama katakon ni da ita, muka fito da shi a rufe.

Inna tana ƙarƙashin dogon yaro tana tsintar wake a faifai, da shuɗin zanen nan nata da ya koɗe. Kawu ya shigo da carbi a hannu, ya tsaya daga gefen randa. Muka jingina katakon da gindin itacen. Khadija ta yaye zanen.

Inna ta ɗaga kai. Ta ajiye faifan. Ta daɗe tana kallo, har kaza ta zo ta fara cin waken babu wanda ya kore ta.

"Wanga wane na?" ta ce.

"Inna, ba ki gane Baba ba?"

"A'a. Wanga ba Malam ba na."

"Haba Gwaggo!" in ji Khadija. "Diba idanun, diba dariyar!"

"Na diba." Inna ta miƙa yatsa, ba ta taɓa takardar ba. "Billen Malam ga hagu shike. Wanga nashi ga dama. Tsagad da ta hi yawa ta ƙetara wancan kunci. Haƙorin da saniya ta karya mai, nan shike, ba can ba. Ko hula ba nan shika karya ta ba." Ta sauke hannun. "Ya yi kama da shi, awa wani ɗan'uwa nai da ban taɓa gani ba."

Rabon da in ji Inna ta jera magana haka, tun muna gida. Kawu ya matso ya sunkuya, ya ƙura wa zanen ido.

"Gaskiya ta hwaɗi," ya ce a hankali. "Wanzamin gidansu bai taɓa sa bille ga dama ba." Ya miƙe ya gyara murya. "To Fatu, wanga abu shi taka so ta kai Sakkwato gobe. Mi kinka ce?"

Inna ta kori kazar, ta jawo faifanta.

"Ta kai shi. Ban san shi ba."

Carbin Kawu ya tsaya. Mutum ne da ba ya lashe maganarsa.

"Na hwaɗa, kuma ta ce. Ki tahi."

Khadija ta daka tsalle ta ruƙunƙume ni, tana lissafin mayafin da za ta yafa a birni. To kun ji, na samu abin da nake nema. Na ɗauki katakona ni kaɗai na koma ɗaki.

Na buɗe hoton a waya na ja shi ya yi girma. Na bar fuskar, na duba bayanta. Rubutun jikin buhunan takin a juye yake, daga dama zuwa hagu, kamar an nuna shi a madubi. Kyamarar gaba ce, haka take yi. Sau nawa na buɗe hoton nan, ban taɓa duba buhun ba.

Laifin waya bai dame ni ba. Na rufe ido na kira Baba a raina, Baban da ya goya ni a keke, wanda na kai wa fura gona tun ina tuntuɓe da ƙwarya. Wanda ya zo shi ne na cikin waya. Na nemi bille a kuncin hagu, na rasa. Ashe ban san lokacin da fuskar ubana ta fita daga kaina ba, wata ta shigo ta zauna a wurinta, ni kuma na yi makonni ina yi mata kwalliya.

Waya ta yi ƙara. Kamaluddeen.

"Ta yarda?"

"Ta yarda."

Ya turo hotunan zuciya da na wuta har layi biyu.

"Ta ce ba shi ba na," na rubuta. "Hoton a juye shike."

Na ga yana rubutu, ya goge. Ya sake, ya goge. Can sai ga kalma biyu.

"Na sani."

"Tun yaushe?"

"Tun rad da kinka turo min. Rubutun buhun ya nuna."

"Kuma kab bar ni."

"Sa'a, saurara. Rannan kin riga kin ja rabin huskar. Rannan na hwara jin kina tambayata ko gawayi zai isa, ke da ba ki tambayar komi. Na ce in na yi magana kina aje shi, ba ki koma ɗauka. Na yi kuskure, na yarda. Amma wallahi zanen ga ya hi na kowa. Babu mai ganewa a Sakkwato."

"Inna ta gane."

"Mota da sahe za ta tashi. Ba a sake aikin ga cikin yini guda. Mu tahi da shi hakanan, sunanki shi hita, in mun komo ki yi wani. Ga ni nan tahe da ledar da za mu naɗe shi."

Na kife wayar a kan katifa. Na zauna ina jiran fushi ya zo, don na san a nan ne ya kamata mace ta yi fushi. Bai zo ba. Na dai ji wani ɗan abu yana motsi a ƙirjina, ƙarami kamar tururuwa. Ban san ko yaudarata ya yi ko jinyata ya yi ba. Ku da kuka iya soyayya sai ku faɗa mini.

Rana ta yi ja Inna ta ɗaga labule ta shigo. Ba ta kalli zanen ba. Ta zauna a bakin katifa, gwiwarta na taɓa tawa.

"Ke," ta ce. "Juyo."

Ni ce 'yarta ta fari. Ba ta kiran sunana, ba ta zama kusa da ni, ban tuna ranar da ta taɓa fuskata ba. Ta sa yatsa a murfin gwangwanin da nake tara garin gawayi, ta kama haɓata da ɗaya hannun. Hannunta yana da kaushi, yana warin wake. Fuskata babu tsaga, Baba ya ce zamaninta ya wuce, ya hana wanzami. A kan wannan fuskar Inna ta fara ja, daga gefen baki zuwa kunne, ɗaya bayan ɗaya, ba ta ko tsayawa tunani.

"Nan tab bi," ta ce. "Wagga gajera ta, an ce motsi yay yi hannun wanzami. In shina noma, zuhwa nan taka gangarowa. In ya husata sai su yi baƙi, ni kaɗai ka gani, sai in ɓoye mai sandatai." Ta ɗan saki numfashi, ban sani ba ko dariya ce. Ta juya ni, ta yi ɗaya kuncin. Daga ƙarshe ta ɗora yatsa gefen hancina na hagu, ta ja ƙasa a karkace. "Ga bille. In ya ɗauke ki kina jinjira, nan kika sa yatsa kina tono, awa za ki ciro wani abu. Da hannun dama. Har sai ya ce wayyo."

Ban yi niyya ba. Hannuna na dama ne ya tashi da kansa, ya miƙa gaba, yatsa ya lanƙwashe a iska daidai inda kuncin mutum zai kasance idan yana riƙe da ni. Sai ga shi. Hula a karye ta wancan gefe, haƙori a gutsure ta nan, bille a hagu, warin rana da na goro. Babana.

Ya yi zafi. Ba ni da wata kalma. Zafin da na yi damina uku ban ji ba ya zo gaba ɗaya. Na yi kuka da baki buɗe, mummunan kuka, irin wanda matan makaranta ke yi a gabana ina jiran su gama. Inna ba ta ce in yi haƙuri ba. Ta dai riƙe haɓata, tana tare hawayen da babban yatsa kada su wanke mata aiki.

Da na sami murya na ce, "Inna, in na gyara shi, in kai?"

"A'a."

"Amma kin ce in tahi."

"Na ce ki kai wancan, baƙo na. In kin gyara shi, Malam na." Ta goge yatsanta a gefen zane. "Malam ya hita sau guda bai komo ba. Ba shi koma hita."

Ta tashi ta ɗauki buta ta fita.

Na zauna ni da mutumin da ke kan takarda. Yana da kyau, gaskiyar Kamaluddeen ce. Idan na naɗe shi gobe ina Sakkwato, a rubuta sunana a ƙasa, a rubuta na Malam Jibrilla a sama, mutane su tsaya su girgiza kai. Babu mai tambaya. Idan na taɓa shi kuwa, babu abin da za ni rataya a bangon kowa, kuma na san Kawu ba zai sake buɗe wannan ƙofar ba.

Na tsoma tsumma a ruwan kofi, na matse. Na fara daga billen. Jar ƙasa da gawayi suka haɗu suka gangaro, ido ɗaya ya tafi, rabin dariyar ya bi shi. Ban tsaya ba.

Khadija ta faɗo ɗakin tana haki.

"Mai henti na zaure, da leda awa zai naɗe gawa! Kuma babana ya zamna da shi, ya ce a kira..." Ta ga takardar. Ta ga fuskata. Ta dafe ƙirji. "Innalillahi! Sa'a, mi kinka yi? Tsaya in kawo ruwa, ba ki hita gabansu haka!"

Na zura hijabina, na gyara shi yadda kunci biyu za su fito sosai.

"Bar ruwan," na ce. "Mai henti ya ce babu mai ganewa. Bari shi gani."

Na ɗaga labule na nufi zaure.